Ɗanki Na Son Zama Koci: A Jinginar Da Gona A Biya Masa Digiri Na Biyu?

Bayan sallar isha'i wayata ta yi ƙara, na duba na ga Yaya ce daga Auyo. Yaya ba ta kiran dare sai da dalili, don haka tun ba mu gama gaisawa ba na tambaye ta ko lafiya.

"Lafiya ƙalau," in ji ta. "Ɗan naki ne ya zo mini da wata magana. Na ce bari in ji ta bakinki, ku da kuka yi boko."

Ɗan fari ne, ba ta kama sunansa, ni ma a nan zan taya ta kara. Ya yi digirinsa na farko a fannin ilimin motsa jiki da lafiya, wanda ɗalibai ke kira PHE, ya gama hidimar ƙasa ya dawo gida. Tun yana sakandare yake tara yaran unguwa da la'asar a filin makarantar firamare yana koya musu ƙwallo, har sunan "Koci" ya bi shi, ƙannensa ma da shi suke kiransa. Yanzu ya ce jami'a zai koma ya yi digiri na biyu a kimiyyar wasanni, domin a lissafinsa wannan takardar ce za ta kai shi bencin babban kulob. Kuɗin makaranta da na haya da na abinci kuwa ba su da wata hanya sai 'yar gonar shinkafar da Yaya ta gada wajen Baba a fadama. Ko a jinginar da ita, ko a sayar.

Wadda ta san Auyo ta san nauyin wannan magana. Gonar da ruwan kanal ke kaiwa ita ce tuwon rani da na damina, ita ce kayan ɗakin 'yan mata, ita ce kuɗin asibiti idan ciwo ya zo da tsakar dare. Wanda ya saki tasa ba lalle ne ya sake samun irinta ba.

Na ce mata ta ba ni mako biyu. Na bi tarihin masu horarwa na gida da na waje, na duba yadda ake shiga aikin, daga baya na je Auyon da kaina. Na san ba Yaya kaɗai ke cikin wannan hali ba, shi ya sa na kawo maganar nan. Amsar da na samu a taƙaice ita ce: digiri na biyu zai iya ƙara wa mutum sani, zai iya samar masa albashi a wani wurin, amma ba shi ne mabuɗin ƙofar aikin koci ba.

Takardun iri biyu ne

Abu na farko da ya kamata uwa ta gane, a harkar nan takardu iri biyu ne, kuma ba ofis ɗaya ke ba da su ba.

Akwai digiri, wanda jami'a ke bayarwa. A nan kusa, Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya duk suna da sashen da ya daɗe yana koyar da ilimin motsa jiki. Akwai kuma lasisin horarwa, wanda Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Afirka, CAF, ke bayarwa ta hannun hukumar ƙwallon kowace ƙasa, a wajenmu NFF ke nan. Shi lasisin hawa-hawa ne. Ana farawa daga D, a hau C, a hau B, a hau A, sannan na ƙoli da ake kira Pro. Kowane mataki kwas ne na ɗan lokaci, wani ɓangaren a aji wani a fili, kuma ana so a ga mutum ya riƙe ƙungiya ya yi aiki kafin ya nemi na gaba.

Ki ɗauke shi kamar tuƙin mota. Yaro zai iya karantar aikin injiniya har ya san kowane noti da ke jikin inji, amma ranar da jami'an kiyaye haɗurra suka tsayar da shi a hanyar Haɗeja zuwa Kano, lasisin tuƙi za su tambaya. A gasar zakarun kulob-kulob na Afirka, CAF ba ta barin babban koci ya zauna a benci sai yana da lasisin A ko Pro, ko da farfesa ne.

Tsakanin jami'a da lasisi kuma akwai Cibiyar Wasanni ta Ƙasa, NIS, da ke cikin babban filin wasa na Surulere a Legas, wadda aka kafa a 1974. Aikinta ke nan, horar da masu horarwa, daga kwas na 'yan watanni har zuwa difloma, kuma masu horarwa da yawa a ƙasar nan ta cikinta suka ratso.

"Ai Mourinho ma jami'a ya yi"

Idan ɗanki mai zuwa gidan kallo ne, wannan ita ce hujjar da zai fara jefo miki. Kuma gaskiyarsa ce, José Mourinho ya karanta kimiyyar wasanni a jami'a a birnin Lisbon na ƙasar Fotugal. Akwai ma wani ɗan labari da zai ba iyaye mata dariya: mahaifiyarsa malamar firamare ce, ta sa shi a makarantar koyon kasuwanci, ya gudo tun ranar farko ya koma wajen wasanni. To amma a ji ragowar labarin. Mahaifinsa mai tsaron raga ne da ya zama koci, a cikin harkar yaron ya buɗe ido. Da ya gama jami'a malamin motsa jiki ya zama a makarantu, yana horar da yara a gefe, yana kuma bin kwasa-kwasan horarwa. A 1992 ya karɓi aikin tafinta a wajen kocin nan ɗan Ingila, Bobby Robson, a kulob ɗin Sporting, ya bi shi Porto, ya bi shi Barcelona. Sai a shekarar 2000 aka ba shi kulob nasa na kansa. Shekara takwas yana tsaye a bayan wani, kafin kofin zakarun Turai da ya ci da Porto a 2004 ya sa duniya ta san shi.

Jürgen Klopp, wanda magoya bayan Liverpool ba za su manta da shi ba, ya samu shaidar kimiyyar wasanni daga jami'ar Frankfurt a 1995. Amma da kulob ɗin Mainz ya ba shi aikin koci a 2001, ɗan wasansu ne da ya shafe fiye da shekara goma yana buga musu, sun san halinsa ciki da bai. Julian Nagelsmann, wanda ciwon gwiwa ya raba shi da buga ƙwallo yana ɗan shekara 20, shi ma ya karanta kimiyyar wasanni. Sai dai ya fara ne da leƙo wa kocinsa Thomas Tuchel sirrin abokan karawa, ya yi shekaru yana horar da matasa, ya ci gasar 'yan ƙasa da shekara 19 ta Jamus a 2014, sannan Hoffenheim ta damƙa masa babbar ƙungiyarta a 2016 yana da shekara 28.

Mutum ɗaya na samu da za a ce karatun ne ya fara ɗaga shi, wato Carlos Alberto Parreira na Burazil. Bai taɓa zama ƙwararren ɗan wasa ba, ilimin motsa jiki ya karanta, aka turo shi Gana a 1967 ya riƙe ƙungiyar ƙasar yana ɗan shekara 24. Daga baya ya ci wa Burazil kofin duniya a 1994. Amma wannan zamani ne da babu tsarin lasisi irin na yau, masu irin karatunsa kuma ana ƙirga su da yatsu. A ɗaya gefen ga Maurizio Sarri na Italiya, ma'aikacin banki ne da rana, da yamma ya je ya horar da ƙananan ƙungiyoyi, a haka ya yi shekaru kafin ya ajiye aikin bankin. A 2019 ya ci wa Chelsea kofin Europa.

Namu na gida

Mu dawo gida, inda ɗan namu zai nemi abinci. Manu Garba, mutumin Gombe, ya ci wa Najeriya kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a 2013 a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, da yara irin su Kelechi Iheanacho da kyaftin Musa Muhammed. Shekara shida kafin nan, a 2007, yana cikin mataimakan marigayi Yemi Tella lokacin da aka ci irin wannan kofi a Koriya ta Kudu. Shi Tellan kuwa malami ne a NIS, mutumin aji da allo, kuma hakan bai hana shi cin kofi ba. Na kawo wannan ne don kada wata ta ɗauka ina cewa karatu ba shi da rana a ƙwallo.

Mohammed Baba Ganaru ya ci gasar firimiya da Kano Pillars a 2012 da 2013. Abdu Maikaba ya ci kofin ƙalubale da Akwa United a 2017, Ibrahim Musa ya ci shi da Pillars a 2019. A shekarar ce kuma Usman Abdallah, ɗan Kano da ya zauna a Faransa ya yi karatun horarwa a can, ya ci firimiya da Enyimba, kuma shi ma a matsayin mataimaki ya shiga kulob ɗin. Ladan Bosso ya kai 'yan ƙasa da shekara 20 gasar duniya a 2007, ya sake kai su a 2023 har suka fitar da Ajantina a gidanta. Justine Madugu, ɗan Adamawa, ya yi shekaru yana mataimaki a ƙungiyoyin mata na ƙasa kafin ya ci kofin Afirka da Super Falcons a Maroko a 2025.

A cikinsu akwai masu karatu mai zurfi. Amma duk ranar da jarida za ta ba da tarihin ɗayansu, ƙungiyoyin da ya riƙe ake jerowa, da wanda ya yi aiki a ƙarƙashinsa, da yaran da suka fito ta hannunsa. Shugaban kulob da ke neman koci tambayarsa ke nan: wa ka riƙe, me ka ci, wa ya san ka?

Inda karatun ke da rana

A nan ne zan tsaya wa ɗan namu, domin mu iyaye mata mu ne muka fi kowa buƙatar koci mai ilimi. 'Ya'yanmu ne a hannunsa daga la'asar zuwa magariba.

Ki tuna zafin ƙasar Haɗeja a watan Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke haura 40. Kocin da bai sani ba yakan hana yara ruwa a lokacin atisaye, wai don su yi ƙarfin hali, ya sa su zagaya fili har wani ya fara ganin duhu-duhu. Wanda ya karanta yadda jiki ke aiki ya san cewa jiri da ciwon kai da tashin zuciya da sambatu a cikin zafi ba ragwanci ba ne, alama ce ta haɗari. Ya san a fitar da yaron zuwa inuwa, a jiƙa masa jiki da ruwa, a ba shi ya sha idan yana cikin hayyacinsa, in ya rikice kuwa sai asibiti. Ya san da azumi ba a yin atisaye mai nauyi da rana tsaka. Ya san yaron da aka yi karo da shi a ka har ya ɗan ruɗe ba ya komawa fili a ranar, ko da shi ne mai ci musu ƙwallo, ko da wasan ƙarshe ne na kofin ciyaman. Ya san ciwon da ɗan shekara 12 ko 13 ke kuka da shi a ƙasan ƙoƙon gwiwa sau da yawa na girma ne da yawan tsalle da gudu, sassauci yake so, ba a ja ƙafar ana cewa targaɗe ba.

Akwai abin da ya fi wannan. A ranar 12 ga Agusta 1989, Samuel Okwaraji ya faɗi a tsakiyar fili a Legas ana wasa da Angola, bai tashi ba. A watan Maris na 2020, Chineme Martins na Nasarawa United ya faɗi a Lafiya ana tsakiyar wasan firimiya, shi ma ya rasu. A 2021 kuwa Christian Eriksen na Denmark ya faɗi a gaban idon duniya, zuciyarsa ta tsaya, amma aka fara danna masa ƙirji nan take, aka sa masa na'urar farfaɗo da zuciya, har ya dawo ya ci gaba da buga ƙwallo. Ajali na Allah ne, babu mai ja. Amma a filin firamaren ƙauye, inda babu likita babu motar asibiti, mintunan farko a hannun koci suke.

Sai kuma abin da ke hana yawancinmu barci, wato ƙwaya. Yara na jin cewa tiramol na hana gajiya, na kashe ciwo. Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa tun daga farkon 2024, amma wannan doka ba ta zuwa filin unguwa. Koci ne ke zuwa. Haka nan idan wani ya zo da kati da hotuna a waya ya ce a kawo kuɗi zai fitar da yaro Turai, kocin da ya san dokar FIFA zai gaya wa uwar cewa an hana cinikin ɗan ƙasa da shekara 18 zuwa wata ƙasa sai a 'yan yanayi ƙalilan, ta riƙe kuɗin adashinta.

To amma ki lura da wani abu. Mafi yawan abin da na lissafa, taimakon gaggawa da yadda jiki ke aiki da yadda yaro ke girma, darussan digirin farko ne, wasu ma tun a NCE ake koyar da su. Ɗan namu ya riga ya karanta su. Digiri na biyu wani abu ne daban: bincike ne, da lissafin alƙaluma, da rubuta kundi a kan tambaya guda ɗaya ƙarama. Abu ne mai kyau, ni ma na yi a nawa fannin. Sai dai shekara biyu ko kusa da haka zai ci, in ba a yi yajin aiki ba, kuma ba mu manta da na 2022 da ya rufe jami'o'i wata takwas ba. Duk tsawon wannan lokaci yana Kano ko Zariya, yaran da ya tara a Auyo sun watse, abu ɗaya tak da yake da shi da ya yi kama da tarihin aiki ya tafi.

Wa zai biya albashi?

Wannan tambayar yaran ba sa son ta. Ƙungiyoyi 20 ne a gasar firimiya ta Najeriya, wato kujerun babban koci 20 ga ƙasa baki ɗaya. A ƙarƙashinta akwai rukuni na biyu, NNL, da na uku, NLO, inda kuɗin ke ƙara ƙanƙancewa. Jigawa Golden Stars, wadda ta taɓa buga wasanninta na gida a filin wasa na Haɗeja, ta faɗo daga firimiya a 2021. Yawancin manyan ƙungiyoyin na gwamnatocin jihohi ne, kuma duk mai sauraron labarin wasanni a rediyo ya saba jin an ba koci wa'adin wasa uku ya gyara ko ya kama gabansa, ya kuma saba jin ana bin bashin albashi. Marigayi Shuaibu Amodu sau biyu yana samar wa Najeriya gurbin zuwa kofin duniya, na 2002 da na 2010, sau biyun kuma ana sauke shi kafin a tafi. Idan an yi wa Amodu haka, ina ga ɗan Yaya?

Albashin da ke zuwa duk wata ga mai irin karatunsa yana makaranta ne: malamin motsa jiki a sakandare, ko jami'i a hukumar wasanni ta jiha. Kuma wannan ba faɗuwa ba ce. Malamin wasanni yana da fili, yana da yara, yana da gasar makarantu da za a gan shi a ciki. Adegboye Onigbinde, wanda ya kai Najeriya wasan ƙarshe na kofin Afirka a 1984 ya kuma jagorance ta a kofin duniya na 2002, da aikin malanta ya fara. Na ƙara da cewa masu 'ya'ya mata su daina raina wannan fanni, makarantun 'yan mata na buƙatar malamai mata da suka san shi.

Inda digiri na biyu ke da daraja sosai shi ne ga mai son koyarwa a jami'a ko kwalejin ilimi, ko mai son ƙwarewa a gefe guda kamar kula da ƙarfin jikin 'yan wasa ko nazarin wasa ta bidiyo. Idan can zuciyar ɗanki take, to ya faɗa a fili, a yi lissafi a kan haka. Kuma wanda ya riga ya samu aiki a babbar makarantar gwamnati yana iya neman asusun TETFund ya ɗauki nauyin ƙarin karatunsa. Wasu jami'o'in ma suna da tsarin karatun ƙarshen mako ga ma'aikata. Kin ga ashe takardar ba guduwa za ta yi ba, ana iya samunta daga baya da kuɗin da ba na gona ba.

Ranar da na je filin

Ranar Asabar na isa Auyo. Bayan la'asar na ce ya kai ni in ga abin da yake yi, Yaya tana ta mamakin me zai kai babbar mace filin ƙwallo. Na samu gindin darbejiya na zauna a kan bencin 'yan makaranta.

Yara sun fi ashirin, wasu da takalmin roba wasu ƙafa a ƙasa, ƙwallo biyu, ɗaya ta sha ɗinki. Ya raba su gida huɗu, ya shata musu ƙananan filaye da toka, kowa na taɓa ƙwallo, babu mai tsayuwa yana kallo. Can ya busa usur, duka suka nufi jarkar ruwa. Wani ɗan ƙarami ya faɗi ya kama idon sawu, na ga ya durƙusa ya duba, ya sa shi ya taka a hankali, sannan ya zaunar da shi gefe duk da kukan da yake yi a bar shi ya koma. Ana kiran magariba ya sallame su, ya tsaya sai da na ƙarshensu ya kama hanyar gida. Ban san dabarun ƙwallo ba, amma na yi shekaru ina kallon malamai, na san wanda yara ke jin maganarsa ba don tsoro ba.

A hanyar komawa yake ba ni labarin wahalar abin. Idan shinkafa ta fara nuna rabin yaran na gona suna korar jan-baki. Idan damina ta yi ƙarfi filin kan zama tafki. A ambaliyar 2022, da ruwa ya ci garuruwa da gonaki a ƙasar Auyo, makonni ya yi bai ga yaransa ba, wasu iyayensu sun tashi ba su dawo ba.

Da dare muka zauna a tsakar gida, ni da shi da Yaya.

Na ce, "Koci, lasisin me kake da shi?"

Ya sunkuyar da kai. "Inna, ban yi ba tukuna. Na ce in na gama mastas sai in yi gaba ɗaya."

"Ƙungiyar taka tana da rajista da hukumar ƙwallo ta jiha a Dutse?"

Babu.

"A cikin masu horar da manyan ƙungiyoyi a Haɗeja ko Dutse ko Kano, wa ka taɓa zuwa ka gaishe shi, ka ce ya bar ka ka riƙa ɗaukar masa ƙwallaye kana kallon yadda yake yi?"

Ya yi shiru, sannan ya ce abin da na san shi ne gaskiyar maganar. Abokansa da suka gama tare duk sun koma karatu ko sun samu aiki, shi kuma kullum yana filin firamare da usur a wuya, mutane na ganin zaman banza yake. Yana son ya riƙe abin da za a kalla a ce ga inda ya dosa. Na tausaya masa ƙwarai. Sau da yawa yaranmu ba ilimin suke nema a digiri na biyu ba, mafaka suke nema daga tambayar "yanzu me kake yi?" Mu iyaye ma muna da laifi a nan, domin ya fi mana daɗin faɗa a gidan biki cewa yaro yana mastas da mu ce yana koya wa yara ƙwallo.

Na ce masa ban hana shi karatu ba, jerin ne nake so ya juya. Ya fara neman aikin koyarwa, ko na wucin gadi ne irin na J-Teach ko a makarantar kuɗi. Ya je Dutse ya yi wa ƙungiyarsa rajista, ya tambayi lokacin da za a buɗe kwas ɗin lasisin farko da abin da ake biya, a rubuce, daga bakin hukumar ba daga bakin dillali ba. Ya sayi littafi ya riƙa rubuta atisayen kowace rana da sakamakon kowane wasa da sunan duk yaron da ya ci gaba, ya riƙa ɗaukar bidiyo da wayarsa. Ya nemi babba a harkar ya zauna a ƙarƙashinsa, ko ba a biyansa ko sisi. In ya yi shekara biyu a haka, lasisi na hannu, albashi na shigowa, har yanzu kuma yana jin akwai tambayar da fili ya kasa amsa masa, to ranar ni da kaina zan saya masa fom.

Bai ji daɗi ba, ban kuma yi tsammanin zai ji ba. Ya ce shekara biyu da yawa. Na ce Mourinhon nasa takwas ya yi yana tsaye a bayan wani.

Yaya, wadda tun da muka fara ba ta ce uffan ba, ta gyara zama ta ce gona dai ba za a taɓa ta ba, ba jingina ba sayarwa. Amma in an yanke shinkafar rani, za ta ware buhu uku a sayar a yi masa kuɗin kwas da na mota. Sai ta juyo wajena, don ba za ta dube shi ta faɗa ba, ta ce in gaya wa ɗan nawa ya daina ɗaukar mata jarkar ruwa yana kaiwa fili, ya sayi tasa.

Ranar Talatar da ta wuce ya turo mini hoto ta WhatsApp, yana tsaye a tasha da fayil a hammata zai shiga motar Dutse.